Ƙafar da Aka Ba wa Suwaiba

Wani ne a wani ƙauye can bayan Kirikasamma, manomin shinkafa a fadama, Allah ya ɗora masa son wata yarinya Suwaiba a cikin garin Haɗeja. Mahaifinta, Malam Zarami, bai taɓa ganinsa ba. Da manya suka je neman aure, sai dattijon ya ce shi ba ya ba da 'ya sai ya ga gonar mutum da idonsa. Ga shi ruwa ya cinye hanya, Malam kuma ya rantse tun da kwalekwale ya taɓa kifewa da shi ba zai sake shiga ba. Ga wani tela daga Jahun yana ta sintiri da turare. Malam ya ce ranar Juma'a zai yanke magana.

Aka ba mutumin shawara ya ɗauko gonar a bidiyo. Ya tafi shagon wata Amira mai ɗaukar bukukuwa, ta ba shi hayar kyamara.

"Wannan ba irin ta waya ba ce," in ji ta. "In sauro ya wuce, sai ka gane mace ce ko namiji. Ka danna nan, ka nuna gona, ka yi bayani. Duk abin da idonta ya gani, surukinka ya gani."

Mutumin ya zabura. "Shi Baban da kansa?"

"Da kansa."

Ya karɓa da hannu biyu, ya naɗe ta a rawani, ya tafi.

Ranar Litinin ya dawo. Tun daga bakin ƙofa ya tuɓe takalmi. Amira ta zaro kati daga kyamarar ta soka a kwamfuta, wani koren layi ya fara rarrafe a kan allo.

"Me yake yi?"

"Yana kwaso gonarka ne. Tana da nauyi, sai mun jira."

"Ai dole. Bana ta yi kyau. A bi a hankali ta wajen gabas, akwai rami."

Ta tura masa kujera, ya ƙi zama. Ya durƙusa a gefen tebur har layin ya cika, sa'a guda cur.

Amira ta danna. Allo ya cika da taɓo. A tsakiyar taɓon ga ƙafafu biyu. Ta jira. Taɓo da ƙafa. Ta ja gaba minti goma. Taɓo da ƙafa, sai wani kwaɗo da ya zo ya duba ya wuce. Ta ja har minti arba'in. Matsattsaku ya hau babban yatsa, ya sha, ya ƙoshi, ya sauka. Ƙafar ko motsi.

"Bawan Allah, ina gonar?"

"Ga ta nan kewaye da ni."

"To me ya hana ka ɗaga kyamarar?"

Mutumin ya dube ta kamar ta zagi kakarsa. "Ba ke kika ce idon Baba ne ba? In miƙe tsaye ƙerere a gaban surukina? In ɗaga shi sama ina juya shi kamar tocila? A durƙushe na yi, kaina a ƙasa, yadda aka koya mana."

Amira ta dafe kai. Ta ƙaro murya ko za a samu bayani. Sai ga muryarsa ƙasa-ƙasa: "Salamu alaikum, Baba." Shiru. "Ina kwana, Baba." Shiru mai tsawo. "Lafiya lau, alhamdulillahi." Shiru. "Ya ruwa?" Shiru. "To madalla. Ya jikin Inna?"

"Wannan shirun duk zan yanke shi," in ji ta. "Ya kai rabin fim ɗin."

Ya yi wuf ya riƙe wayar linzamin kwamfutar. "Kar ki taɓa! Nan ne Baba zai amsa. So kike in katse dattijo yana magana?"

"To sunan yarinyar fa? Ko sau ɗaya ba ka ce kana sonta ba."

"A gaban ubanta? Hajiya, ke ba a haife ki a gida ba ne?"

A minti na talatin da bakwai ne kawai aka ji ya yi gyaran murya, ya ce, "Dama... batun nan ne... na wance." Daga nan ya yi ajiyar zuciya doguwa, har kwaɗon ya dawo.

Amira ta saurari ajiyar zuciyar sau biyu. Ta ce wannan kam ba za ta yanke ba.

"Ko tsinken shinkafa ɗaya mu samu," in ji ta, ta jawo hoton kusa. Maimakon shinkafa, diddigensa ya cika allon, babba kamar faifai. Mutumin bai taɓa ganin diddigensa ido da ido ba. Faso ne rami-rami, wani ya haɗu da wani, wani ya rabu biyu kamar kogi a Kafin Hausa. A cikin ɗaya har ƙwayar shinkafa ta tsira, da ganye biyu.

"Yauwa, ga gonar," in ji Amira.

"Inna lillahi! Ƙafar wa ce wannan?"

"Taka."

"Goge!"

"In na goge ƙafar, taɓo kawai zai saura."

"To shafe fason. Ba ku ne kuke mayar da amarya fara ba?"

"Amarya fuska ɗaya gare ta. Wannan sai na yi wata guda ina cikewa, kwamfutar ma za ta ɗau zafi. Juma'a kuma saura kwana huɗu."

Ya roƙa, ya haɗa ta da Allah. Ta ce iyakar abin da za ta iya, ta sa masa rubutu a farko da furanni a gefe. Haka aka yi. Ta zuba fim ɗin a filashi, furanni jajaye sun kewaye diddige, aka aika gidan Malam Zarami.

Mutumin ya fito yana ƙwafa. "In kwamfuta ta kasa gyara hoto, ni zan gyara asalin."

Ya sayi dutsen goge kaushi guda uku. Ya jiƙa ƙafa a ruwan zafi da kanwa. Ya goga har dutse ɗaya ya ƙare, ya ɗauko na biyu. Ya shafe ta da man kaɗanya, ya ɗaure a leda, ya sa safa, ya hau gado ya ƙi takawa. Ko masallaci a baya ake goya shi. Kwana uku, ƙafa ta fito sumul, tana sheƙi kamar tarwaɗa.

A can Haɗeja kuwa, Malam Zarami ya tara ƙannensa a zaure aka kunna a talabijin.

"Salamu alaikum, Baba."

"Wa alaikumus salam," in ji Malam.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau, yaro. Ya gida?"

"Lafiya lau, alhamdulillahi."

Malam ya waiga ya dubi ƙannensa. Ko sau ɗaya yaron bai shiga bakinsa ba. Da aka zo kan jikin Inna, ya yi bayanin ciwon gwiwarta tun daga farko, ya gama daidai, yaron ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi." Da matsattsaku ya hau, dattawa suka matso. Da ya sauka ƙafar ba ta motsa ba, suka yi kabbara.

"Ba sai na ga gona ba," in ji Malam. "Wannan ƙafar ta shekara ashirin a cikin fadama. Ku faɗa wa tela ya yi haƙuri. Mai ƙafar nan na ba Suwaiba."

Kafin la'asar labari ya kai Kirikasamma, an ce Malam ya ba da 'ya ga ƙafa, fuska kuwa ba a gani ba. Ranar Juma'a bayan an sauko, gwauraye tara suka yi layi a ƙofar zaure, kowa ba takalmi, kowa da fasonsa. Malam ya sa aka tsayar da hoton a kan diddigen, ana ɗaga ƙafa ɗaya-ɗaya ana gwadawa. Wani ramukansa sun yi kaɗan. Wani nasa sun karkata hagu. Wani ya zo da shinkafar da ya dasa jiya a cikin fasonsa, aka gane, aka kore shi.

Sai ga mutumin, an sauke shi daga babur. Ya durƙusa, ya zare safa. Zaure ya ɗau ƙamshin man kaɗanya.

Malam ya dubi allo, ya dubi ƙafa. "Kai kuma daga wane banki?"

"Baba, ni ne. Tawa ce wallahi."

"Ina fason?"

"Na gyara, Baba."

"Ina shinkafar?"

"Na cire, Baba."

"Ji ɗan damfara! Wannan ƙafar ko tabarma ba ta taɓa takawa ba. Ku fitar min da shi."

Mutumin ya fashe da kuka, kansa a ƙasa. Ƙanin Malam ya ce a bari tukuna, ai yarinyar ta san mai zuwa wajenta, a kira ta. Suwaiba ta zo bakin labule, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ke Suwaiba," in ji Malam, "shekara biyu yana zuwa zance. Dubi fuskar wannan da kyau. Shi ne ko ba shi ba ne?"

Ta leƙo, ta daɗe tana kallo.

"Baba, ni ina na taɓa ganin fuskarsa? A ce ya cire hula, tsakar kansa na sani."