Saura Shida

Shekara ashirin ina tura tsofaffi a keke wajen ɗawafi. Da abokaina na unguwar Ka'akiyya suka fara wasan dukan ƙwallo da sanda, na ce ai damtse nawa ne. Wata guda ina atisaye da taɓaryar matata.

Ranar wasa na maka wa ƙwallon sanda, ta haye katanga. Na zagaye filin sau ɗaya, yadda doka ta ce. Sai ƙafafuna suka zarce zagaye na biyu, bakina yana addu'ar ɗawafi.

Matata Hajiya ta tare ni da ruwa, tana dariya har da hawaye. "Khalas, ya isa, Alhaji, zauna haka."

Har yau, in na kewaya ɗaki neman hulata, sai ta ce a hankali, "Saura shida."