Ranar da surukata ta ɗauko mini takalmi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da surukata ta zagaye asibiti tana nemana, da takalmina a hannunta. Ko yanzu da furfura ta cinye gemuna, in na tuna sai in ji kamar in shige buhun masara a ɗinke bakin.

Lokacin matata Asabe tana da cikin autarmu, wata bakwai. Haihuwa biyar ta yi a gida lafiya lau, don haka na ɗauki kaina gwani. Da ƙafafunta suka fara kumbura, fuska ta cika, sai na shiga cika baki a kasuwar hatsi cewa kiwona ne ya karɓe ta. (Allah ya yafe mini, har silifas mai girma na sayo mata.) Ta ce kanta na sarawa, tana gani dishi-dishi, na ce zafin Kontagora ne, ta sha ruwan randa.

Wata Talata da hantsi ina cikin awon masara aka kira ni a waya: Asabe ta faɗi tana jijjiga. A kan buhu na bar wayar na fita a guje. Da muka isa asibiti, nas ta gwada jininta, ta juyo ta dube ni.

"Baba, tun yaushe ƙafarta take haka?"

"Ai ƙiba ce," in ji ni.

"Hawan jini ne na masu ciki, yana kashe uwa da ɗa. Ka tsaya a bakin ƙofar nan, kada ka matsa. Likita zai neme ka."

Abin da nake wa alfahari ashe shi ke neman ranta.

To, sai in faɗa muku yadda muke da Inna, mahaifiyar Asabe. Shekara ashirin da biyu ban taɓa haɗa ido da ita ba, ban taɓa kurɓar ruwa a gabanta ba. Ita ma ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai ta ce "mai gidan nan". Bayan azahar sai ga ta ta iso daga Rijau. Na tuɓe takalmi, na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, ta zauna a kan benci, daidai inda aka ce in tsaya.

Ku duba mini fa. Za a fito a yi maganar cikin 'yarta, ga ta zaune, ga ni mai aikin tsaye. Sai na sulale ba takalmi, na zagaya bayan tankin ruwa na tsuguna.

Can na ji murya: "Ina mijin Asabe?"

Na ji, wallahi na ji. Na leƙa, sai na ga nas ɗin a tsaye gab da Inna. Na ce a raina bari ta ɗan matsa tukun. Aka sake kira, na sake leƙawa. Ƙato da ni, mai 'ya'ya biyar.

Ban ankara ba sai ga takalmina an dire su a gabana. Sannan na ji an kira sunana na yanka, gatsau, ba ko Malam. Na ɗaga kai. Ranar na fara sanin Inna tana da tsage a kumatu.

"Kai ne jaririn da za a ciro, da ka zo ka laɓe? Likita ya ce in ba a yi mata aiki yanzu ba, duka biyun za mu rasa, kuma sai ka sa hannu. Kunyata kake ji? Bari 'yata ta mutu, sai ka ji kunyar da dalili. Tashi."

Ta kama hannun rigata ta ja ni, masu jinya suna ta kallo. Takalmi ɗaya na samu sawa. Ni ban yi boko ba, dangwale nake yi, amma na kuskure takardar har na shafa tawadar a kan teburin likita. Inna ce ta kama babban yatsana ta danna a takardar da kanta.

Kafin la'asar aka ciro yarinya, ba ta fi zangarniyar masara ba. Aka sa ta a kwalba, sai da ta yi mako uku a ciki. Asabe kuwa sai washegari ta buɗe ido. Likita ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da labarin ya canja. Bai san inda jinkirin ya tsuguna ba, Inna kuma ba ta faɗa ba.

Sunan Inna na sa wa yarinyar, don haka har yau ba na iya kiran sunan 'yata, sai dai Ummi. Inna kuwa duk ta zo, ƙafata take fara kallo ta ce, "Yau dai ana nan kusa ko?"

Ina nan kusa. Har gobe ina jin kunyarta a ko'ina, amma ban da asibiti. Can, in an ce in tsaya a bakin ƙofa, ko surukai goma ne a kan bencin, zan matsa kusa da su in zauna, da takalmina a ƙafa.