Ranar da Na Ba Hamdala Maki Biyar

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka sauya takardun naira ba, lokacin da mutane ke yini a ƙofar banki su koma gida hannu wofi. Wasu suna tuna ta da layi da rana. Ni kuwa ina tuna ta ne da wata kunya da na sha a gaban manyan malamai, da gemuna da furfurata.

Na fara karatu ne da allo a Bungudu, kuma har gobe hannuna ya fi sakewa da ajami. Boko ya zo daga baya, na bi shi a hankali har na zama malamin koyar da kasuwanci a wata kwaleji a Gusau. Da girma ya fara kamawa sai na shiga neman digirin digirgir. Wurin aiki suka ba ni hutun karatu, amma da iyaka: in ban tsallake gabatar da gwajin bincikena a wannan zango ba, hutu ya ƙare, in koma aji da alli, digiri kuma sai wani ikon Allah.

Darasin ƙididdiga shi ne ya fi ba ni wuya. Farfesan da ke koyar da mu yana zuba alamomi a allo, ni kuma ina bin sa da ajami daga dama zuwa hagu (in na dawo gida in duba, sai in ga kamar laya na rubuta). A ajin akwai Hajiya Luba, 'yar kawuna, wato taubashiyata, ma'aikaciyar banki. Tun muna yara ba ma raga wa juna.

Wata rana aka ba mu aiki, aka sa wa garuruwa lamba don kwamfuta ta gane su: Gusau ɗaya, Tsafe biyu, Bungudu uku. Luba ta tashi da ƙarfin gwiwa ta ce ta fitar da matsakaicin garuruwan, ya kama biyu da ɗigo wani abu. Ban san lokacin da na ce, "Hajiya, a wace tasha ake shiga motar garin nan?" ba. Aji ya fashe da dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Ɗan Gwaggo, ka ci bashi. Ba na mantuwa."

To, lokacin gwaji ya zo. Bincikena a kan 'yan kasuwar hatsi ne, ina son in ga ko ƙarancin takardar kuɗi ya taɓa cinikinsu. Babbar tambayata tana da ma'auni daga ɗaya zuwa biyar: ɗaya, kasuwa ta lalace, biyar, kasuwa tana tafiya sosai. Da yake mutanen suna cikin hidima, ni nake karanta musu in cike da kaina.

Sai dai ni mutum ne mai ladabi. Ba zan faɗa wa dattijo da takarda kamar mai karɓar haraji ba. Sai in yi sallama, in tsuguna, in tambayi iyali da gajiya, sannan in ce, "Alhaji, ya kasuwa?"

"Alhamdulillahi, Malam."

Sai in sa biyar. To me zan sa? Mutum ya gode wa Ubangijinsa, ni wane ne da zan ba hamdalarsa maki biyu?

A Tsafe na samu wani dattijo daga 'Yankuzo zaune kan buhunan masara, tun safe ko tiya ba a auna ba. Na ce ya kasuwa, ya ja dogon numfashi ya ce, "Alhamdulillahi ala kulli halin." Na ɗan tsaya da biro a hannu. Sai na ga ai wannan hamdalar ta ma fi sauran tsawo (da akwai shida, wallahi da shida zan ba shi).

Da na zuba amsoshin a kwamfuta na ce ta nuna mini alaƙar ƙarancin kuɗi da ciniki, sai ta ƙi. Inda lamba za ta fito sai ɗigo kawai. Na ɗauke ta zuwa Sabon Gari wajen mai gyara, ya buɗe, ya hure ƙura, ya ce lafiyarta lau. Luba ta ce in kawo ta duba mini. Na ce, "Ke da ba ki gama gano garinki ba?" Ta yi murmushi kawai, ta ce Allah ya kai mu.

Ranar gabatarwa na sa babbar riga. Ɗaki ya cika da malamai da ɗalibai. Na tsaya na bayyana cewa bisa bincikena, 'yan kasuwar hatsi a Gusau da Tsafe da Bungudu suna cikin matuƙar jin daɗin ciniki. Wannan fa a watan da mai akuya ke yawo da ita kasuwa babu mai taya ta.

Farfesa ya cire tabarau ya ce, "Malam, lambar da ke nuna yadda amsoshi suka bambanta da juna, taka sifili ce. Kana nufin kowa abu ɗaya ya faɗa?"

Na ce, "Ƙwarai, ranka ya daɗe. Kansu a haɗe yake."

"Shi ya sa kwamfuta ta ƙi. Ba ta da abin da za ta gwada da wani. Yaya ka yi musu tambayar?"

Na kwatanta masa, har da tsugunon. Ya gyaɗa kai, ya dube ni da tausayi. A lokacin gumi ya jiƙa mini wuyan riga. Sai ya sassauta murya ya ce, "Malam, ya karatu?"

Na ce, "Alhamdulillahi."

Ya ce, "Biyar ke nan ko?"

Jama'a, ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wani malami har da dukan tebur. Na tsaya riƙe da takarduna, ina jin da ƙasa za ta tsage da na shige har da hular. Na saci kallon Luba, abin mamaki, ita kaɗai ce ba ta dariya.

Allah ya taimake ni, malaman ba su kayar da ni ba. Suka ce in koma in sake kafin zango ya ƙare, in raba gaisuwa da tambaya. Na koma, na gaisa yadda ya kamata, na karɓi hamdala na ce amin, sannan na tambayi abin da ake aunawa: buhu nawa ya fita a makon nan, nawa ya fita a irin wannan lokaci bara. Nan dattijon 'Yankuzo ya buɗe baki, sai da biro ya gaji. Kwamfuta ta saki lambobi, na tsallake, hutuna ya tsira. Abin da na koya shi ne, godiyar bawa wurin Ubangijinsa take zuwa, ba ta shiga ma'auni. In kana son sanin halin kasuwa, bari a gama gaisawa tukuna.

Ranar da aka ce na wuce, ina fitowa sai ga Luba jingine da motarta. Na ce, "Hajiya, na gode da ba ki yi mini dariya ba ran nan."

Ta ce, "Wa ya gaya maka? Ajiye ta na yi. Bashina ne ni kaɗai, ba zan raba shi da 'yan aji ba. Kuma da ka faɗi, da ba ta yi daɗi ba. Ɗan Gwaggo, ya kasuwa?"

Kafin in kama bakina, har ya riga ya amsa.

Ta yi dariya har sai da ta zauna a bakin mota tana share hawaye da gefen mayafi. Na tsaya na jira ta gama. Da ta sarara ta ce, "Shi ke nan, ka biya. Shigo in sauke ka."

Na shiga, amma sai da na tambaya ko ta garin nan nata za mu bi.