Rasuwar Babban Allo Mai Taya Uku

Da zuciya mai cike taf da baƙin ciki, ni jagorar ƙungiya ta bakwai, a madadin ƙungiyoyi goma sha biyu na ma'aikatarmu, ina sanar da rasuwar babban farin allonmu na ɗakin taro. Ya cika ranar Talata, lokacin hutun cin abinci, yana da shekara shida a bakin aiki.

Marigayin mai haƙuri ne. Duk bayan wata uku mukan taru a gabansa, kowace ƙungiya ta rubuta burin da za ta cimma, sannan Shugaba ya bi layi yana ba kowane buri maki, daga ɗaya zuwa goma. Ya ɗauki alƙawuran da ko masu rubuta su ba su yarda da su ba, bai taɓa tona asirin kowa ba. Tayarsa ɗaya ta ɓace tun shekararsa ta biyu, sai tsohon littafin dokokin aiki da ke tallafe da shi. In an tura shi yakan ce "ƙiii", shi ke nan ƙorafinsa.

Ciwon ajalinsa ya fara ne da safe. Burinmu shi ne mu gyara shafin da ke koro mutane waje duk lokacin da suka zo shiga manhajarmu. Shugaba ya zagaye shi, ya ba shi uku. Burin wata ƙungiya na canza launin maɓalli a manhajar kuwa ya samu tara. A dokarmu, burin da bai kai biyar ba ajiye shi ake yi, ƙungiyar da ba ta da buri kuma a rarraba ta. Mu shida ne, shekara huɗu muna tare, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Da kowa ya fita, na sa hannu in goge ukun, ko Shugaba zai sake tunani in ya dawo a ƙoshe. Ta ƙi fita. Ashe alƙalamin da ba ya goguwa Shugaba ya ɗauka, wanda mai kula da sito ke rubutu da shi a kan kwalaye. Na ɗauko soson ƙarfe da ruwan sabulu daga kicin. Ruwan ya gangara ya tafi da burin ƙungiyoyi goma sha ɗaya, soson ya ɗaye fuskar marigayin, ukun kuwa ta ƙara zama daram. Babu wanda ya ɗauki hoton allon, don kowa ya zaci wani ya ɗauka.

Da Shugaba ya dawo, ya tsaya yana kallon gawar. Namu kaɗai ya tsira, albarkacin zagayen da ya yi masa da hannunsa, wanda ya tare ruwan. Ya ce, "To, tunda shi kaɗai ake iya karantawa, kowa ya taya ƙungiya ta bakwai." Haka marigayin ya ba da ransa ƙungiyata ta rayu.

Ya rasu ya bar magogi ɗaya, alƙaluma tara, biyar sun bushe, da ƙananan takardun mannawa masu yawan gaske.

Za a kai shi makwancinsa ranar Alhamis da ƙarfe huɗu, a sito, bayan karyayyun kujeru. Ana buƙatar majiya ƙarfi uku. Ni ce ta huɗu, kuma na roƙi alfarmar riƙe kusurwar da ukun take.