Sanarwar Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Malam

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har baki, ni matar marigayi malamin lissafi, mai ɗinki a gidan nan mai koren ƙofa, ina sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk wadda ta taɓa kawo mini ɗinki ta ji gurnani a kusurwar ɗaki, rasuwar kwamfutar Malam, wadda muka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Laraba da hantsi, a kan teburinta, tana tsakiyar aiki, bayan jinyar wata biyar. Shekararta goma sha ɗaya a hannunmu. Kafin nan ba mu san nawa ta yi ba, don ta hannu Malam ya sayo ta.

Shi ya sa mata sunan, saboda yadda take tashi. In an danna ta sai ta yi kamar ba ta ji ba, can ta ce ɗin, sannan ta ja dogon numfashi, fuuuu, kamar dattijuwar da aka ce ta miƙe ta gaisa da baƙi.

Ban yi karatu mai nisa ba, don haka zan faɗi aikinta yadda aka faɗa mini. Wasu masu bincike suna neman maganin ciwon daji, lissafin ya fi ƙarfinsu, sai suke yayyanka shi gutsi-gutsi suna aika wa duk wanda ya yarda ya ara musu kwamfutarsa don Allah. Kwamfuta ta karɓi gutsure ɗaya, ta yi ta niƙa, ta mayar, a ba ta wani. Malam ya sa Gwaggo a wannan aiki a makon da likita ya gaya masa abin da ke cikinsa. Ya ce shi maganin ba zai riske shi ba, amma ai ba shi kaɗai ke da ciki a duniya ba. Ya ja mata wutar sola tata ita kaɗai. Ya nuna mini wani koren layi a fuskar allon, ya ce in ya kai ƙarshe, an gama gutsure ɗaya ke nan. Ranar da za a kai shi asibiti kaiwar ƙarshe, bai ce mini komai a kan gida ko yara ba, ya san waɗannan ba sai an faɗa ba. Cewa ya yi, "Kar ki bari Gwaggo ta ajiye aikin mutane." Na ce to.

Ina shaidar halinta. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ba ta kai magana waje, duk da abin da mata ke faɗi a gabanta lokacin gwada kaya. Shekara biyu bayan Malam, Allah ya jiƙansa, ni na ɗauki alkawari amma ita ke cikawa. Nawa kawai in leƙa da safe in ga layin ya matsa.

Daga baya na mayar da keken ɗinkina ɗakin Malam, don shirun nawa ɗakin ya ishe ni. Sai na lura burbushin zare da ƙurar yadi suna sauka a kanta, har suna maƙalewa a 'yan ramukan da ke gefenta da bayanta. A gidana duk abu mai daraja yana da mayafinsa, talabijin da rediyo da keken kansa. Ba zai yiwu a ce amanar Malam ce kaɗai ke zaune tsirara ba. Na auna ta da kyau, na ɗinka mata rigar karammiski daidai jikinta, da zif a baya da 'yar ƙofa ɗaya ta wayoyi. Ban bar wa ƙura hanya ko ɗaya ba. Duk wanda ya shigo ya yaba. Surukina, mijin 'yata, har ya ce in yi wa kujerun motarsa irinta.

Ciwon ya fara da ɗan suma. Tana cikin aiki sai allon ya yi baƙi, ta yi shiru, ta ce ɗin, ta sake tashi da kanta ba wanda ya taɓa ta. Da farko sau ɗaya a mako. Daga baya kusan kullum, galibi in rana ta take.

Surukina, wanda tun da na san shi bai taɓa haɗuwa da abin da bai sani ba, ya ce cuta ce ta shige ta daga intanet. Ya kwashe Asabar guda yana korar cutar. Mako na gaba ya ce wayar wutarta ce, aka canja waya. Na gaba ya cire mata rigar, ya buɗe cikinta, ya zaro wani siririn abu mai kama da matsefi, ya goge bakinsa da abin goge fensir, ya hura, ya mayar. Duk lokacin da yake zaune yana shan shayi lafiyarta ƙalau, yana ta cewa, "Kin gani ko, Umma? Hannu ne." Yana fita na suturta ta. Kafin la'asar ta sume.

'Yata, wadda take aikin jinya, ta ce a daina wasa da mara lafiya, a kai ta wajen mai gyara na bayan kasuwa. Sau uku ana kai ta. Duk kaiwa nakan tuɓe mata rigar don kar ta yi datti a shago, in wanke, in goge, in ajiye tana jiranta. Shi kuma ya riƙe ta kwana biyu tana aiki ba ko tari, ya dawo da ita ya ce, "Mama, lafiyar wannan ta fi tawa." A karo na biyu ya canja mata akwatin wuta don dai kar a ce bai yi komai ba. A na uku ya ce ƙila gidan ne bai karɓe ta ba. Na ce shekara goma sha ɗaya gidan yana karɓarta.

Bayan dawowarta ta uku ta fara wata irin ƙara, ƙir-ƙir-ƙir, jikinta har rawa yake. Na yi jinyar Malam wata takwas, na san abin da ake yi wa mai rawar sanyi. Na farke rigar na sa mata soso a ciki.

Gutsuren ƙarshe da aka aiko mata babba ne. 'Yata ta karanta ta ce kwana huɗu yake so ba tsayawa, kuma irinsa ba ya tuna inda ya kwana, in ta suma sai a koma farko. Ta ce an ba da wa'adi, ranar Juma'ar nan. Sau tara muka fara shi. A na taran aka yi kwana uku ana ruwa, gari ya yi sanyi, Gwaggo ta daure. Na daina taka keke don kar girgizar ta dame ta. Safiyar Laraba layin saura faɗin yatsa biyu. Sai rana ta fito. Da hantsi ta yi ƙir-ƙir ɗin nan da ƙarfi, ta ce fut, na ji wari kamar an manta dutsen guga a kan leda. Na jira ta ce ɗin. Ba ta ce ba.

Wannan karon 'yata ta ce mai gyara ya zo gida da kansa. Ya yi sallama, ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallon teburin.

"Mama, wa ya ɗinka wannan?"

Na ce ni ce, kuma ba ɗinkin keke kaɗai ba ne, bakin da hannu na yi.

"Tana aiki ma a ciki take?"

Na ce dare da rana, ban taɓa sakaci ba.

Ya zuge zif ɗin, ya taɓa soson, ya cire hularsa ya sake sawa. Ya nuna mini ramukan nan da nake karewa, ya ce nan ne hancinta. Ya ce aikin da take yi mai zafi ne, suman nan duk ƙoƙarin ceton kanta take yi. Surukina ya ce shi ma dama abin ya ɗan zo masa a rai. Matarsa ta kalle shi, ya fita duba mota.

Na rubuta wannan a nan don kar a ɗora wa wutar gidan laifi, ko intanet, ko mai gyara. Ni ce. Na tambayi wani mai ilimi ko ana nema wa na'ura gafara, ya ce ba a yi, tunda ba ta da zunubi. Na ce wannan na sani, ba ita nake nufi ba.

Ta rasu ta bar allonta mai tsaga a kusurwa, da madannai waɗanda harafi biyu suka goge a kansu, da linzaminta da ake ja a kan tebur, da tagwayen lasifika, ɗaya kurma. Firinta, abokiyar zamanta mai buga takardu, ta riga ta tafiya da shekara huɗu. Ta bar ni.

'Yata ta ce in daina kuka, aikin ba zai ɓata ba. In wa'adi ya cika ba a mayar ba, sai su aika wa kwamfutar wani. Amma daga farko zai fara. Abin da muka yi sau tara ba zai shiga ko'ina ba.

Saboda haka gawar za ta zauna a kan teburinta, ba riga, tagogi a buɗe, har Juma'a ta wuce, don har lokacin aikin yana hannunta a rubuce. Ana karɓar gaisuwa daga hantsi zuwa la'asar. Masu ɗinki su yi haƙuri sai Litinin. Ranar Asabar da safe mai gyara zai zo ya ɗauke ta. Ya ce akwatin wutar da abin nan mai kama da matsefi suna da sauran rai, zai sa wa wasu. Na yarda, da sharaɗin kar ya kwance ta a gabana.

Kai kuma da gutsuren nan zai faɗo hannunka, ban san ƙasarku ba, ban san harshenku ba, ban san wa ka rasa ba. Kwana huɗu ne kacal. Don Allah ka ƙarasa mana shi. In ka ga ƙura a kan taka, ka goge da tsumma kawai.