Kifi a Bayan Takardar Hajara

Ni injiniya ne, amma na ɗora wa kaina zana hoto ga kowane shafi na wani tsohon littafin masu farautar ƙaton kifin teku. Ƙa'idata ɗaya ce: ba na sayen takarda. Kwalin dabino, ambulan ɗin ofis, takardar kilishi daga Kano, duk nawa ne. Har cika baki nake cewa kallo ɗaya nake gane takardar da ta gama aiki.

Wata Juma'a na ga wata takarda mai kauri a kife kan teburinmu a unguwar Old Airport, a ƙasar Larabawan da muke zaune. Ban ko juya ta ba. Na zana kifin da lallen matata Hajara, na yi teku da gahawa, na manna yashi. Wallahi ya yi kyau.

Sai Hajara ta leƙo. "Abban Sadiya, ka ga takardar shaidar karatuna? Lahadi za a duba ta a ofishin tantance takardu na unguwar West Bay."

Na juya zanen kifin, sai ga sunanta da hatimai. Wata biyar takardar nan ta yi tana yawon neman hatimi a Abuja. Na goga da jiƙaƙƙiyar auduga, lallen ya ƙara kamawa.

Ranar Lahadi na raka ta ina gumi cikin sanyin ofis. Ma'aikacin ya duba hatiman, ya juya takardar, ya daɗe yana kallon kifin.

"Wannan hatimin kuma na wace ma'aikata ce?" ya tambaya, kafin ya ce, "Khalas, shi ke nan, ku je."

Har yau, baƙo na yin sallama Hajara za ta ce, "Ɓoye fasfonka, mai kifi yana gida."