Gawar da Ta Yi Minshari a Gaban Manya

Jama'a, shekaranjiya na mutu a gaban manyan garin nan, amma mutuwar ba ta karɓu ba. Ku gyara zama ku sha labari, don har yanzu maman yara ba ta gama yi mini dariya ba, ƙeyata kuma ba ta daina zugi ba.

Duk wanda ya bi ta babban titi kwanan nan ya ga sanarwar. An manna ta a turakun lantarki, a bangon makaranta, har a bayan motar kwasar shara: Makon Fasaha na tafe, ranar Asabar za a buɗe shi a babban zauren wasanni. Wai akwai wasan kwaikwayo, akwai kiɗa, akwai rawar 'yan makaranta da baje kolin zane. Na ce wai, domin sai ka matsa kusa ka ƙanƙance ido kafin ka hango wannan bayanin a can ƙasa. Sauran takardar duk fuskar Mai Girma Shugaban Kwamitin Raya Wasanni ce, Uban Masu Fasaha, Ginshiƙin Dandamali, yana murmushi kamar shi zai taka rawar.

To, cikin wancan ƙaramin rubutu har da mu. Muna da 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo a unguwarmu, wadda Inna Nas ta kafa. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya. Rabin unguwar nan ita ta yi wa allura suna yara, shi ya sa har gobe in ta ɗaga murya za ka ga masu gemu suna gyara tsayuwa. Ita ta rubuta wasan da hannunta. Labarin wani magidanci ne da ciwo ya kayar, matarsa ta yi ta yawo da shi daga wannan asibiti zuwa wancan: nan a ce ba gado, can a ce ba wuta, gaba a ce likita ya tafi taro, har rai ya yi halinsa a kujerar bayan mota. Wasan na da ban dariya sosai, amma kowa a unguwa ya san haka mijin Inna ya rasu. Ba ta taɓa ce mana labarinta ba ne, mu ma ba mu taɓa tambaya ba.

Ranar da ake raba aiki na je da shirina. Na ce, "Inna, ki ba ni likita. Ga tabarau, ga tumbi, ba abin da ya rage."

Ta dube ni sama da ƙasa. Kafin ta buɗe baki, maman yara, wadda ita ke fitowa a matar mara lafiyan, ta yi caraf ta ce, "Inna, ki ba shi mamacin. Wallahi in ya miƙe a falo ranar hutu, ko shara nake sai dai in zagaye shi."

Aka kwashe da dariya, aka ba ni. Aikina in yi nishi a farkon wasa, daga baya a shimfiɗe ni a benci a lulluɓe da farin zane. Kada ku raina wannan aiki. Ƙuda zai sauka a hancinka ba ka da ikon korarsa, atishawa ta zo sai ka haɗiye ta. Amma wanda ya saba wuni a layin mai yana kallon ƙeyar motar gabansa, me zai gagare shi a fagen rashin motsi? Hukuma ta riga ta horar da mu kyauta, Allah ya saka mata.

Watanni muka yi muna gwaji a garejin maƙwabcina Bakanike, wanda shi ke fitowa a direban motar. Sai ga saƙo cewa duk ƙungiyar da ke son hawa dandamali ta zo zaure da safe, Mai Girma zai tantance da idonsa.

Wanda bai shiga zauren nan ba tun da aka yi masa kwaskwarima bara, ya yi asarar kallo. Daga waje fenti sai sheƙi yake, har da fitilu masu launi, ko da yake ba wanda ya taɓa ganin sun kama. Kana shiga sai ka yi karo da bokitai a jere, kowanne a daidai inda rufi ke yoyo. Labulen dandamali ɓeraye sun yi masa ado, kuma rabi kawai yake buɗewa. Akwai wata babbar fiyano a kusurwa, a kulle, an ce makullin na wurin tsohon shugaban kwamiti, shi kuma tun da aka sauke shi ya yi fushi da kiɗa. Abin da ke sabo fil shi ne kujerun manya: masu laushi, jajaye, kowace da fankarta. An kuma ɗora babban tebur a kan dandamalin kansa, ya cinye fiye da rabi, saura ɗan lungu aka bar wa masu wasa.

Ba mu kaɗai ba ne. Makaɗa na zaune a kan gangunansu suna hamma. Wani mai zane ya rungume hotonsa kamar jariri don ba ƙusa ko ɗaya a bango. Wata malama na ta fifita wa 'yan rawarta da kwali.

Duk wanda ya tambaya, Sakataren kwamiti ya ce, "Mai Girma na hanya."

Bakanike ya raɗa mini, "Wace irin hanya ce wannan? Ko turo motar ake, ai ya ci a ce ta iso."

Sai da rana ta karkata muka ji jiniya. Ya shigo da tawaga: mai riƙe masa waya, mai riƙe masa ruwa, da wani da na lura aikinsa kawai ya gyaɗa kai. Allah ya sa mu aka fara kira.

Ba yabon kai ba, na yi nishi mai ratsa zuciya, na kuma mutu mutuwa mai kyau. Aka shimfiɗe ni, aka ja zane. Maman yara ta durƙusa a kaina, ta ja numfashi za ta fara maganar da ita ce zuciyar wasan duka. Sai na ji murya daga babban tebur.

"Dakata! Zan ɗan yi tsokaci."

Na yunƙura zan tashi don girmamawa, Inna ta danne mini ƙafa ta ce ƙasa-ƙasa, "Kwanta. Gawa ba ta tashi don manya."

Ɗan tsokacin ya faro ne daga makarantar firamare, inda Mai Girma ya taɓa fitowa a matsayin bishiya aka yi masa tafi. Daga nan ya gangaro kan ziyarar da kwamiti ya kai ƙasashen waje don ganin yadda ake buɗe labule. Ya yi alkawarin sabon zaure wanda ya ninka wannan, mai maɓuɓɓugar ruwa a ƙofa, kamar ruwan da ke zuba a bokitai bai ishe mu ba. Ya gode wa waɗanda suka zo, ya gode wa waɗanda ba su zo ba, ya ce "a ƙarshe", sannan ya koma kan bishiyar.

Ni kuwa tun safe ba abin da na sa a ciki sai shayi. Ga zane mai ɗumi, ga iskar fankar manya tana ɗan lallaɓowa ta kaina, iskar da ban taɓa zaton zan ɗanɗana ba a rayuwa. Abin da na iya tunawa na ƙarshe shi ne maɓuɓɓugar ruwa.

Sauran labarin a bakin maman yara na ji. Ta ce da farko an ɗauka janareta aka tayar, har Sakatare ya leƙa waje yana murna. Ashe makirufon da aka ajiye mata a gefen benci yana daidai hancina, kuma shi kaɗai ne abin da ke aiki da kyau a zauren. Ta kai hannu ƙarƙashin zane ta murɗe mini kunne. Na zabura, benci ya juye, na zube a ƙasa da ƙeya, ina cewa, "An fara ba da man?"

Zaure ya kece da dariya. 'Yan rawa har da birgima. Na ce shi ke nan, yau za a kore mu. Ina! Mai Girma ya miƙe yana tafi, fuskarsa fal annuri.

"Kun gani? Bai mutu ba! Dama abin da nake shirin faɗa ke nan. A garin nan ba a mutuwa don rashin gado. Haka za a ƙare wasan: ya farfaɗo, ya tashi, ya gode wa hukuma. Sannan a ƙara wani babban mutum da zai zo duba shi da kwandon lemo. Sakatare, ka ji ko?"

"Na ji, ranka ya daɗe. Hikima ce!"

Mai gyaɗa kai ya gyaɗa.

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɗan biya. Daga gawa zuwa mai jawabi, ai ƙarin girma ne, wanda ban samu ba a wurin aiki shekara da shekaru. Har na fara gyara murya. Sai na ga Inna ta sunkuya ta ɗauki farin zanen, tana ninke shi a hankali, gefe da gefe, yadda suke ninke zanen gadon asibiti.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni na rufe masa ido da hannuna a cikin motar nan. Na jijjiga shi, na kira sunansa, na yi duk abin da na koya a aiki. Bai tashi ba. Da ana tashi, da ba sai ka ba da umarni ba."

Mai Girma ya yi tari, ya dubi Sakatare, ya dubi ruwansa.

"Haba, Inna, wannan ai wasa ne."

"Shi ya sa na kawo shi gidan wasa. Amma yadda ya faru haka za a yi shi."

Sakatare ya matso yana murza hannu, ya ce gaskiya ma dai lokaci ya ƙure, jawabai sun yi yawa ranar Asabar, ba lallai a samu inda za a saka mu ba, amma kwamiti zai duba yiwuwar baɗi. Inna ta juyo gare mu. Ta ce da ni da Bakanike, "Ku ɗauko bencinmu."

Muka fito, ni a gaba shi a baya, benci a tsakani. Kunya ta ishe ni. Na ce, "Inna, ki yafe mini. Ni na jawo mana."

Ta tsaya ta dube ni, na ga leɓenta na rawa, na ɗauka kuka za ta yi. Sai ta fashe da dariya, har ta dafa bango, hawaye na zuba. Ta ce, "Ɗan nan, marigayi ma haka yake minshari. Maƙwabta har ƙorafi suke kawowa. Yau ne karon farko da ka yi kama da shi."

Bakanike ya sauke nasa gefen bencin ba tare da ya gaya mini ba. Ya ce, "Inna, in zaure ya ƙi mu, gareji bai ƙi mu ba. In na tura motocin nan waje, filin ya fi lungun da suka ba mu. Kuma rufina ba ya yoyo, don babu shi."

Muna cikin haka sai ga makaɗa sun fito da gangunansu a kafaɗa, an ce musu aikinsu kawai su buga in Mai Girma zai shigo da in zai fita. Sai ga mai zane, an ce ya zana fuskar Mai Girma tukuna. Sai ga malama da 'yan rawarta, su an ce su tsaya a bakin ƙofa su riƙa ɗaga tuta. Kafin mu kai bakin titi mun zama ayari.

Don haka ga yadda Makon Fasaha zai kasance, tunda takardar bango ba za ta gaya muku ba. Ranar Asabar a babban zaure za a yanke kirtani, a yi jawabai, kwamiti ya ba shugabansa lambar yabo, shugaban ya yi mamaki. Duk mai fama da rashin barci ina ba shi shawara ya je, na gwada maganin da kaina. Ranar Lahadi da yamma kuwa, a garejin Bakanike, bayan gidan burodi, akwai kiɗa, akwai rawa, zane na rataye a jikin wata tsohuwar bas, sannan wasan Inna daga farko har ƙarshe, yadda ta rubuta shi. Kowa ya zo da kujerarsa, kuma kada a sa fararen kaya, akwai baƙin mai. Maman yara ta ce za ta dafa mini shayi mai kauri, ta kuma nuna mini allurar da za ta riƙe a hannu lokacin da take kuka a kaina.

Dole a yaba wa kwamiti. Shekaru masu fasahar garin nan ba sa ga maciji da juna, mai ganga na ganin mai zane mahaukaci ne, mai zane na ganin mu 'yan zaman banza ne. A wuni ɗaya Mai Girma ya haɗa kanmu. In wannan ba raya wasanni ba ne, ku gaya mini sunansa.

Yau da safe sai ga Sakatare a gareji, yana tsallake tayoyi yana tattare riga. Wai labari ya kai wa Mai Girma cewa jama'a duk can za su, don haka ya amince ya zama babban baƙo, zai kuma ɗan ce wani abu kafin a fara. Muka ce bismilla, gareji na kowa ne. Abin da ba mu gaya masa ba shi ne, lasifikarmu da batirin mota take aiki, kuma wayar da ke haɗa su a hannun Inna za ta kasance.